Asabar ɗaya gare mu: Williamsburg ko Harpers Ferry?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Baba da Hajiya sun zo daga Kano tun watan jiya saboda haihuwar da na yi, saura mako biyu su koma. Washington dai mun zaga da su, sun ga fadar shugaban ƙasa daga waje, sun ga ginin majalisa. Yanzu Baba ya ce shi tsohon gari yake son gani, inda aka yi wani abu da ya shiga tarihi, ya gaji da dogayen gine-gine da manyan kantuna. Asabar ɗaya kawai maigidan zai samu, ta tsakiyar Oktoba, kuma kwana a waje ba zai yiwu ba da jaririya. Mu bakwai ne har da yara, daga Silver Spring za mu tashi. Maigidan ya ce Williamsburg, wata abokiyar aikina ta ce Harpers Ferry. Hajiya kuma gwiwa na damunta, ba ta iya doguwar tafiya. Wanda ya san wuraren nan ya taimaka.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Williamsburg gari ne mai kyau, shi ne babban birnin Virginia daga 1699 zuwa 1780, kuma an gyara tsohuwar unguwar ta koma yadda take a wancan zamani, har da maƙera da masaƙa sanye da tufafin da. Amma daga wajenku tafiyar ta kai mil 150, kuma ta babbar hanyar 95 za ku bi. Duk wanda ya san hanyar nan ranar Asabar ya san awa uku na iya zama huɗu. Zuwa da dawowa da mai jego da tsofaffi biyu, wallahi wahala ce. Sannan sai an sayi tikiti kafin a shiga gine-ginen. Wannan tafiyar kwana biyu ce, ku bar ta sai wani zuwan.

Hajiya Ladi:
Gaskiyar Baban Yusra. Ni da Annapolis zan ce, tunda ko awa ɗaya ba ku yi za ku isa. Ga ruwa, ga jirage, ga tsohon ginin majalisar jiha inda George Washington ya ajiye muƙaminsa na shugaban sojoji a 1783. Hajiya ta samu benci a bakin ruwa ta zauna ta sha iska.

Malam Garba:
Maman Khalifa, ina yi muku barka. Kafin kowa ya ƙara magana, ki tambayi Alhaji ko ya san inda Nnamdi Azikiwe ya fara karatu da ya zo Amurka. A Harpers Ferry ne. A 1925 ya sauka a wata makaranta da ake kira Storer, a kan tudun da ke saman garin, ya yi kamar shekara biyu a can kafin ya wuce jami'ar Howard a nan Washington, daga baya jami'ar Lincoln a Pennsylvania. Mutumin da aka haifa a Zungeru a 1904, wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya zama shugaban Najeriya na farko. Gine-ginen makarantar suna nan tsaye. Dattijon da ya ga zamanin Jamhuriya ta Farko, ko ya ji labarinta a bakin iyayensa, babu tsohon garin da zai taɓa shi kamar wannan a duk kewayenmu.

Maman Khalifa:
Malam, na karanta wa Baba saƙonku, ya ajiye kofin shayi ya ce a sake karantawa. Ya ce magana ta ƙare, can za a je. Amma ni gwiwar Hajiya ce damuwata.

Usman Frederick:
Anti, ni a Frederick nake karatu, Harpers Ferry kamar rabin awa ne daga wajenmu, kuma duk baƙon da na yi can nake kai shi. Bari in ba ku yadda wurin yake.

Garin ƙarami ne ƙwarai, mazaunansa ba su kai 300 ba. Yana kan wani tsinin ƙasa inda kogin Shenandoah ya shiga kogin Potomac, kamar dai Lakwaja inda Binuwai ya haɗu da Kwara, sai dai nan duwatsu ne suka kewaye ta ko'ina. In kika tsaya a mahaɗar kina West Virginia, dutsen da ke hagunki Maryland ne, na dama Virginia. Jihohi uku a kallo ɗaya.

Daga Silver Spring ku bi babbar hanyar 270 zuwa Frederick, ku kama ta 340. Awa ɗaya da kwata zuwa da rabi in hanya ta yi kyau. Kada ku gangara da mota cikin tsohon garin. Wurin ajiye mota na ƙasa ɗan ƙarami ne kusa da tashar jirgin ƙasa, ranar Asabar ɗin Oktoba da sassafe yake cika saboda masu zuwa kallon ganyaye sun yi ja da ruwan ɗorawa. Ku ajiye a babban filin masu ziyara da ke sama, bas na jigila daga can zuwa ƙasa, ba a biyan kuɗin bas daban. Kuɗin shiga dala 20 ne kan mota ɗaya, ko ku nawa ne a ciki, kuma yana aiki har kwana uku. Ku leƙa shafin hukumar wurin daren Juma'a don ku tabbatar da lokutan bas.

Batun Hajiya: titin da bas ke sauke mutane, mai suna Shenandoah, shimfiɗaɗɗe ne har zuwa mahaɗar ruwan. Ɗakunan tarihi da yawa a kansa suke ko dab da shi. Wannan za ta iya a hankali, akwai wuraren zama. Abin da ba za ta iya ba shi ne hawa sama. Akwai matakala da aka sassaƙa a jikin dutsen, suna hawa zuwa cocin Katolika, daga nan zuwa wani falalen dutse inda Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya tsaya a 1783 ya yaba kyawun wurin. Matakalan sun lotsa a tsakiya saboda tsufa, in an yi ruwa suna da santsi. Keken tura jariri ma ba zai hau ba, gara ki goya ta.

Hajiya Ladi:
To ai makarantar da Malam ya faɗa a sama take. Yaya ke nan?

Usman Frederick:
Da mota ake zuwa can, Hajiya. In sun gama da ƙasa, bas ya mayar da su wurin mota, sai su zagaya ta titin Washington su hau tudun. Minti kaɗan ne.

Baban Yusra:
Akwai jirgin ƙasa daga Union Station fa. Yara za su so shi.

Usman Frederick:
Ba zai yi musu ba. Jirgin ma'aikata ranakun aiki kawai yake yi, da safe ya nufi Washington, da yamma ya dawo. Na Amtrak, mai dogon zango, kuma sau ɗaya a rana, da la'asar yake barin Washington. Sai dai in kwana za a yi. Amma yaran za su ga jirage har su gaji, na kaya suna fitowa daga ramin dutsen Maryland su haye gada. Akwai hanyar ƙafa a jikin gadar, shinge ne kawai tsakaninka da jirgin, ƙarfen na girgiza a ƙarƙashin ƙafarka in ya zo wucewa.

Anti Rabi:
Ku dai riƙe hannun yaran a bakin ruwan nan. Ruwan yana da kyan gani amma yana da ja, ba wurin wasa ba ne.

Malam Garba:
Tunda an tsayar da wuri, bari in ba ku labarin da ya sa ake zuwa garin, don Alhaji ya san abin da yake kallo, domin ginin da ya fi kowane suna a can in ba a gaya maka ba za ka wuce shi. Ɗan ɗaki ne na jan bulo mai ƙofofi uku, da can wurin ajiye kayan kashe gobara ne da zaman masu gadi.

George Washington ne ya zaɓi garin a kafa masana'antar bindigogi ta gwamnati, saboda ƙarfin ruwan kogunan zai juya injuna. Daga 1801 zuwa 1861 an ƙera bindigogi sama da 600,000 a wurin. To a daren 16 ga Oktoba 1859 wani Bature mai suna John Brown ya shigo garin don ya kame rumbun makaman. Mutum 21 ne suka yi masa mubaya'a, biyar daga ciki baƙaƙen fata. Nufinsa ya raba wa bayi makamai, su shige duwatsu, tawaye ya bazu zuwa kudu har bauta ta rushe. A lokacin bayi a Amurka sun kusa miliyan 4.

Da farko abin ya tafi daidai. Sun yanke wayar tangaraho, sun kama gadoji, sun yi garkuwa da wasu masu bayi, har da wani dangin George Washington. Sai Brown ya bar wani jirgin ƙasa ya wuce, labari ya isa Washington. Bayin da yake jira ba su taso ba, domin yawancinsu ba su ma san da shirin ba. Mutanen gari da dakarun sa-kai suka yi musu ƙawanya, suka koma cikin wannan ɗan ɗakin. Da safiyar 18 ga wata sojoji ƙarƙashin Robert E. Lee suka fasa ƙofa. An kashe mutum goma cikin mutanen Brown, biyu 'ya'yansa ne na cikinsa. Shi kuma aka yi masa shari'a a Charles Town, garin da ke kusa, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. Wata 16 bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, Lee ɗin nan ya zama babban kwamandan 'yan kudu, kuma a 1865 aka haramta bauta a tsarin mulki.

Baban Yusra:
Malam, da girmamawa, akwai abin da kuka tsallake. Wannan mutumin a 1856 a Kansas shi ya jagoranci fito da mutum biyar daga gidajensu cikin dare aka sassare su da takubba. Kuma mutum na farko da mutanensa suka harbe a Harpers Ferry baƙar fata ne, ɗa ba bawa ba, Heyward Shepherd, mai ɗaukar kaya a tashar jirgi. Ni da na kai yarana ban ji daɗin yadda wasu ke maganarsa kamar waliyyi ba. Mu da muka fito daga ƙasar da muka ga abin da mutum mai bindiga da yaƙinin cewa Allah na tare da shi ke iya yi, bai kamata mu koya wa Khalifa cewa wannan gwarzo ne ba.

Malam Garba:
Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ɗakin tarihin da ke wurin bai ɓoye ko ɗaya ba. Amma ka auna da abin da ke ɗaya gefen. Cikin baƙaƙen nan biyar akwai Dangerfield Newby. Shi ya samu 'yanci, matarsa Harriet da 'ya'yansu suna hannun ubangidansu a Virginia. Ya tara kuɗi don ya fanshe su, aka ƙi sayar masa. Shi ne na farko da ya faɗi cikin mutanen Brown, kuma a jikinsa aka samu wasiƙun matar tana roƙonsa ya zo da wuri kafin a sayar da ita. Bayan mutuwarsa an sayar da ita zuwa kudu. Wace kotu Newby zai je? Shekara biyu kafin nan kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. An toshe kowace ƙofa. Ban ce hanyar Brown daidai ce ba. Frederick Douglass ma, wanda shi kansa ya gudo daga bauta kuma amininsa ne, ya gana da shi watanni biyu kafin harin, ya ƙi bin sa, ya gargaɗe shi cewa tarko zai shiga. Amma Douglass ɗin ne ya zo makarantar Storer a 1881 ya yi jawabin girmama shi.

Baban Yusra:
Zaluncin bauta ba a musunsa. Abin da nake cewa, mai kashe mutum a gaban iyalinsa da dare ba na kiransa gwarzo, ko me ya sa shi.

Anti Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, yawancin abokan aikina baƙaƙen Amurka ne, kakanninsu bayi ne a Maryland da Virginia ɗin nan. Wata dattijuwa a cikinsu ta taɓa ce mini a gidansu ba sa tambayar ko Brown mai laifi ne, abin da suka riƙe shi ne Bature ne da ya ba da ransa da na 'ya'yansa saboda su a lokacin da wasu ke ta wa'azin a yi haƙuri. Ban da amsar da zan ba ta. Kuma Baban Yusra, yaranmu a nan aka haife su, a makaranta da titi baƙaƙen Amurka ake ɗaukarsu. Wannan tarihin zai bi su ko mun so ko ba mu so. Gara su ji shi daga bakinmu, a wurin da abin ya faru, da duka ɓangarorinsa.

Alhaji Sabo:
Ku yi haƙuri in sa baki. Mu ma in mun je kada mu riƙa kallon abin kamar na wasu. A ƙasar Hausa an yi bauta, an yi rinji, kuma sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, shekara 71 bayan Amurka. Alhajin Kano ya san gidajen da har yau ake raɗa a kan asalinsu in an zo maganar aure. Irin ta Amurka ta bambanta, an ɗaure ta da launin fata, amma wanda aka raba da uwarsa aka sayar bai damu da bambancin ba. Ni abin da ya burge ni a Harpers Ferry shi ne sun ajiye abin a fili, da sunaye da ranaku, yaro ya karanta ya yi tambaya.

Maman Khalifa:
Khalifa shekararsa tara, Amira biyar. Ita dai jirgi da ruwa sun ishe ta. Shi kuwa mai tambaya ne, zan bar shi da kakansa su shiga ɗakin tarihin tare. Zan gaya masa na Newby, zan gaya masa na Shepherd.

Usman Frederick:
Anti, in Khalifa aji huɗu yake, akwai takardar da gwamnati ke ba 'yan aji huɗu ta shiga irin waɗannan wurare kyauta har da iyalinsu a mota ɗaya. A intanet ake cikewa a buga a takarda. Sannan ku karɓar masa ɗan littafin tambayoyi na yara a wurin ma'aikatan, in ya cike su ba shi baji.

Malam Garba:
Ƙari kan makarantar, tunda ita ce ta ja Alhaji. An buɗe ta a 1867, shekara biyu bayan yaƙi, don koyar da waɗanda aka 'yanta. Wani attajiri daga jihar Maine, John Storer, ya ba da dala 10,000 bisa sharaɗin a karɓi kowa, mace da namiji, baƙi da fari. A watan Agusta 1906 W.E.B. Du Bois da 'yan ƙungiyar Niagara, masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, suka yi taronsu a can, ƙungiyar da ta share fagen kafa NAACP, babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, a 1909. A lokacin ɗakin Brown yana wata gona a bayan gari, suka taka zuwa can da asuba, da suka matso suka cire takalma. Ɗakin ya sha yawo: an kwance shi an kai Chicago don baje kolin duniya na 1893, an dawo da shi gonar, a 1909 aka kai shi harabar Storer. Ke nan lokacin da Zik ke karatu, kullum yana wuce shi. Sai 1968 aka mayar da shi ƙasa, 'yan taku kaɗan daga inda yake tun asali. Makarantar kuwa an rufe ta a 1955, bayan kotu ta hana raba makarantu bisa launin fata, jiha ta janye tallafinta. Yanzu hukumar da ke kula da wurin ce ke horar da ma'aikatanta a gine-ginen, amma ana zagaya harabar, akwai alluna masu bayani.

Baban Yusra:
In lokaci ya ragu ku biya Antietam, rabin awa ne. Nan aka yi wani babban gumurzu na yaƙin basasa ranar 17 ga Satumba 1862, mutum kusan 23,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a yini ɗaya. Kwana biyu kafin nan a Harpers Ferry ɗin sojojin arewa sama da 12,000 suka miƙa wuya. Labarin ɗaya ne.

Hajiya Ladi:
A'a, don Allah. Mai jego ce fa, ga tsohuwa. Wuri ɗaya ya isa. Haɗa biyu shi ke sa a dawo gida ba a ga ko ɗaya da kyau ba, kowa na fushi. Antietam fili ne fetal, sai mai son tarihin yaƙi. Kuma kada wani ya zuga maigidan ya hau dutsen Maryland don hoto, wannan awa uku ne zuwa da dawowa, zai bar ku zaune.

Abinci kuma ki yi guzuri daga gida. Akwai gidajen abinci a titin da ya hau sama, amma ranar Asabar layi ne, kuma naman halal ba za ki samu cikin sauƙi ba. Dafa-duka ko waina da miya a kula, dambun nama, ruwan zafi a fulas don shayin Alhaji. Ku bar kular a mota, ku sauka da ruwa da ɗan abin taɓawa kawai. Yara a saya musu askirim a can. Ki sa wa Hajiya rigar sanyi da safa, iskar bakin kogi da safe a Oktoba ba irin ta Kano ba ce.

Maman Khalifa:
Sallah fa? Baba zai tambaya ko za a yi ƙasaru.

Alhaji Sabo:
A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar ƙasaru burudi huɗu ce, wajen kilomita 80. Daga Silver Spring kun wuce haka, don haka azahar raka'a biyu ce, la'asar ma in ta same ku a can. Wanda ya taso daga Germantown ko Frederick bai kai ba, shi zai cika. Ku tafi da darduma, akwai ciyawa mai tsabta kusa da filin ajiye motoci, ga banɗaki da ruwa. In kun fi son jam'i, akwai masallaci a Frederick a kan hanyarku ta dawowa.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri, kowa da kowa. Ga abin da muka tsayar da maigidan. Mu tashi ƙarfe takwas, mu ajiye mota a sama kafin goma saura. Ƙasa har zuwa ɗaya: ɗakin Brown, ɗakin tarihi, mahaɗar ruwa, maza da yara su hau gada, ni da Hajiya mu zauna. Mu koma mota mu ci abinci mu yi sallah, sannan Storer, mu kamo hanya kafin huɗu. Abu ɗaya ya rage, ko daga bas zuwa bakin ruwan ina tsoron kada gwiwar ta tashi.

Hajiya Ladi:
Akwai keken guragu mai naɗewa a gidana, na marigayiya surukata, yana nan lafiya lau. Maigidanki ya biyo bayan sallar Juma'a ya ɗauka. In Hajiya ta ƙi hawa, ki ce mata ta riƙe shi tana turawa, in ta gaji ta zauna.

Usman Frederick:
Ni kuma ba ni da aji ranar. Zan jira ku a inda ake hawa bas da tara da rabi, in tura Hajiya, Yaya ya ji da yara. Anti ki turo mini lambarsa ta akwatin sirri.